Abin da Baki Bai Faɗa Ba: Tarihin Wata Gardama Tsakanin Oxford da Madagaska

A wani ƙauye da ke kan tuddan tsakiyar tsibirin Madagaska, a yankin da ake kira Vakinankaratra, wata mata ta tambayi ɗanta ko “mutumin” yana barci har yanzu. Mutumin da take nufi mijinta ne, uban yaron. Wata Ba'amurkiya mai nazarin harshe da al'adu, Elinor Ochs Keenan, wadda ta zauna cikin mutanen yankin, ta kiyaye wannan tambaya, kuma a shekarar 1976 ta sanya ta cikin wata maƙala da ta tayar da ƙura a jami'o'in Turai da Amurka.

Bahaushe zai yi mamakin abin da ya kawo ƙura a nan. A gidajenmu mace takan ce “shi” ko “maigidan”, uwa kuma takan kira ɗan farinta “yaron nan” har ya yi furfura. Sai dai a wancan lokaci masana falsafar harshe sun riga sun kafa wata ƙa'ida da ake ganin ta hau kan duk wani mai magana a doron ƙasa, ita kuwa matar ƙauyen ta taka ƙa'idar ba tare da ta san da zamanta ba.

Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar tsohuwa ce. Ta yaya mutum yake gane abin da ba a faɗa masa ba? Hanyar ganewar iri ɗaya ce a harsunan duniya kusan 7,000, ko kuwa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi? Amsar ta shafi fiye da malaman jami'a, domin a kanta ne ake yanke wa wata al'umma hukuncin cewa masu ƙumbiya-ƙumbiya ne, wata kuma a ce marasa ladabi ne.

Malaman balaga sun riga kowa

Duk wanda ya yi nisa a karatun zaure ya san cewa ba a Turai aka fara wannan tunani ba. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya nuna cewa kalma ita kaɗai ba ta da fifiko a kan 'yar'uwarta, darajarta tana fitowa ne daga yadda aka jera ta da sauran kalmomi don cim ma wata manufa. Ya kuma bambanta ma'anar da lafazi ke bayarwa kai tsaye da ma'ana ta biyu wadda mai sauraro ke hango ta daga ta farkon. Idan Balarabe ya ce wane mai yawan toka ne, zancen karamci yake yi: toka mai yawa alamar girki mai yawa ce, girki mai yawa kuma alamar baƙi ne. Bayansa Sakkaki, da ya rasu a 1229, ya tsara fannin zuwa babi-babi, kuma daga tsarinsa ne littattafan da suka iso zaurukan ƙasar Hausa suka samo asali, irin su Jauharul Maknun na Akhdari da Uƙudul Juman na Suyuɗi.

Abu biyu daga wannan gado za su sake ɓullowa a labarinmu. Na farko shi ne cewa magana mai kyau ita ce wadda ta dace da halin da ake ciki. Na biyu shi ne raba zance gida biyu: akwai labari, wanda za a iya gaskata shi ko a ƙaryata, akwai kuma zancen da ba ya karɓar gaskatawa ko ƙaryatawa, kamar umarni da tambaya da fata. Malaman fiƙihu sun ƙara da lura cewa lafazin ciniki da na aure da na saki, ko da sun zo da siffar labari, su ne ke ƙulla abin ko su warware shi. Duk da haka, waɗannan malamai harshe ɗaya suka sa a gaba, wato Larabci. Kwatanta harsuna masu nisa da juna aiki ne da ya zo daga baya.

Baƙon da yaƙi ya tsare

A 1914 Bronislaw Malinowski, haifaffen birnin Krakow na ƙasar Polan, ya je Ostareliya don halartar wani taron masana. Yana can Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Da yake takardunsa na daular Ostiriya ne, wadda ke yaƙi da Ingila, sai ya zama ɗan ƙasar abokan gaba. Hukuma ta bar shi ya ci gaba da bincikensa, shi ya sa tsakanin 1915 da 1918 ya yi dogon zama har sau biyu a tsibiran Trobriand da ke gabashin Niyu Gini, ya koyi harshen mutanen, ya riƙa rubuta abin da suke faɗa.

Matsalar da ya ci karo da ita ta fassara ce. Ya rubuta maganar wani mutum game da tafiyar kwalekwale, ya juya ta zuwa Turanci kalma bayan kalma, sai ya tarar da tarin kalmomi marasa kan gado: itacen gaba, tuƙi, waiwaye, abokin tafiya a baya. Sai wanda ya san cewa mutanen suna tsere a teku, kuma “itace” na nufin kwalekwale, zai gane cewa alfahari mutumin yake yi, nasu jirgin ya tsere wa na sauran. A maƙalar da ya buga a 1923 ya kafa hujja cewa ba a raba magana da halin da aka yi ta a ciki. Ya kuma ja hankali ga wani nau'in zance da ba labari yake ɗauke da shi ba, aikinsa kawai ya ɗaure zumunci. Gaisuwarmu babban misali ce. Wanda ya wuni yana noma, in ka ce masa “ina gajiya?” zai ce “ba gajiya”, kuma babu mai kiransa maƙaryaci.

Da farko Malinowski ya ɗauka wannan dogaro da muhalli hali ne na harsunan mutanen da Turawan zamaninsa ke yi wa kallon na baya. A 1935, cikin littafinsa kan noman mutanen tsibiran, ya janye wannan bambanci, ya ce haka abin yake a kowane harshe, har da na masana kimiyya. Abokinsa J. R. Firth, wanda a 1944 ya zama farfesan kimiyyar harshe na farko a Birtaniya, ya ɗauki tunanin ya shigar da shi karatun harsuna a Landan.

Safiyar Asabar a Oxford

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu malaman falsafa a Jami'ar Oxford sun riƙa haɗuwa kowace safiyar Asabar ƙarƙashin jagorancin J. L. Austin, suna tankaɗe da rairayar kalmomin yau da kullum. A laccocin da ya gabatar a Jami'ar Harvard a 1955, waɗanda aka buga a 1962 bayan rasuwarsa, Austin ya nuna cewa akwai maganar da faɗinta shi ne aikata ta. Mu ɗauki misali daga gida: idan waliyyi ya ce “na ba da”, wakilin ango ya ce “na karɓa”, a gaban shaidu, aure ya ɗauru. Idan yara masu wasan 'yar tsana suka faɗi kalmomin nan, babu abin da ya ɗauru, domin sharuɗɗan ba su cika ba. Ɗalibin balaga zai ji kamar ya taɓa jin wannan karatu. Almajirin Austin, John Searle, ya faɗaɗa tunanin a littafinsa na 1969, inda ya ɗauki alkawari a matsayin babban misalin aikin da ake yi da baki.

Wani daga cikin masu zaman Asabar, Paul Grice, shi ya kawo ƙa'idar da matar Madagaska ta taka. A laccocinsa na Harvard a 1967, waɗanda aka buga sashensu mafi shahara a 1975, ya ce hira aikin gayya ce, kuma masu yin ta suna ɗauka cewa kowa yana kiyaye abu huɗu: ya faɗi gwargwadon abin da ake bukata, ya faɗi abin da ya yarda gaskiya ne, ya faɗi abin da ya shafi zancen, ya kuma faɗe shi a sarari. Grice ya san mutane suna saɓa wa waɗannan kullum. Hikimar tasa ita ce, saɓawar ce ke haifar da ma'ana ta biyu. Ka tambayi maƙwabci halin saurayin da ke neman 'yarka, ya ce maka: “Gaskiya yaron akwai tsafta, kullum rigarsa a goge.” Bai zagi kowa ba. Amma da yake ka san ya fahimci tambayarka, kuma ya zaɓi ya tsaya a kan guga, ka gane hannunka mai sanda yake yi maka. Habaici da gugar zana da shaguɓe duk a kan wannan turba suke tafiya.

Cikin misalan da Grice ya bayar akwai wanda ya zama abin jayayya. Ya ce idan aka ce wane zai gana da “wata mata” yau da dare, mai sauraro zai fahimci cewa matar ba matarsa ba ce, ba uwarsa ba ce, ba kuma 'yar'uwarsa ba, domin da ɗaya daga cikinsu ce da an faɗa.

Amsa daga ƙauye

Abin da Ochs Keenan ta gani a Vakinankaratra ya sha bamban. Yaro yakan ce “wata yarinya” tana zuwa, alhali 'yar'uwarsa yake nufi. Ka tambayi mutum inda uwarsa take, ya ce tana gida ko tana kasuwa, alhali ya san takamaiman inda take, kuma mai tambayar ba ya ɗauka cewa rashin sani ne ya sa aka ba shi amsa mai rassa biyu. Maigidan da ke shirin bikin sauya wa magabata likkafani, wanda suke kira famadihana, ba ya son yanke rana a bainar jama'a tun da wuri.

Ta ba da dalilai biyu. Na farko, a ƙaramin ƙauye inda kowa ya san kowa, sabon labari abu ne mai wuyar samu, wanda ya riƙe shi yana da wata daraja, don haka ba ya sakinsa da arha. Na biyu, mutanen suna gudun ɗaukar alhaki, abin da suke kira tsiny. In ka ambaci sunan wanda ya yi ɓarna, ko ka ce abu kaza zai faru ranar kaza bai faru ba, laifin yana wuyanka. Game da sunaye kuwa, suna tsoron cewa ambaton sunan yaro zai jawo masa hankalin miyagun abubuwa, har sukan laƙaba wa yara sunaye marasa daɗi don kare su. Wanda ya san dalilin da ya sa mai wabi ke kiran ɗanta Ajuji ko Abarshi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ta kuma lura cewa rowar labarin ba a ko'ina take ba. Tana ƙaruwa idan labarin mai nauyi ne, tana raguwa tsakanin makusanta, kuma maza sun fi mata yin ta. A wata maƙalar da ta buga a 1974 ta nuna cewa maza ne ke riƙe da kabary, wato jawabin taro mai zagaye-zagaye da karin magana, su kuwa mata su ne masu faɗar magana gaɓa-gaɗi, su ke ciniki a kasuwa, su ke tsawatarwa, har maza kan tura su faɗin abin da su ba za su iya faɗa ba. Wannan ya karya zaton da ake yi a Turai cewa a ko'ina mata ne suka fi sassauta harshe.

Magoya bayan Grice ba su yi shiru ba. Suka ce ai mutanen ƙauyen sun san gwargwadon abin da mai tambaya ke bukata, shi ya sa riƙe labarin yake da daraja. Da ba a sa ran amsa cikakkiya, da rowa ba ta da ma'ana. Ita ma Ochs Keenan ba ta ce a jefar da ƙa'idar ba. Abin da ta nema shi ne a daina ɗaukar ta a matsayin hukuncin da aka gama yankewa daga ɗakin karatu, a mayar da ita abin awo da za a je da shi kowace al'umma a gwada.

Alkawari ko umarni?

Suka na biyu ya fito daga tsaunukan Luzon na ƙasar Filifin. Michelle Rosaldo ta zauna da mutanen Ilongot daga 1967 zuwa 1969, ta sake komawa a 1974. Ta rasu a 1981 sakamakon faɗowa daga wani tsauni tana bakin aikin bincike, aka buga maƙalarta a 1982. A ciki ta tuhumi Searle da cewa ya gina nazarinsa a kan alkawari ne saboda al'ummarsa ta ɗauki mutum a matsayin mai zaman kansa, wanda niyyar zuciyarsa ce ke ba maganarsa ƙarfi. A wajen Ilongot, in ji ta, babban misalin magana shi ne tuydek, wato aike ko umarni: ɗebo ruwa, kawo wuta, miƙo abin taunawa. Ta nan yaro ke koyon harshe, ta nan kuma ake sanin wa ke gaba da wa. Umarni kai tsaye ba rashin ladabi ba ne a wurinsu, shi ne zaren da ya ɗinke gida. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe, inda babba ke aiken ƙarami ba tare da “don Allah” ba kuma babu mai jin haushi, zai gane inda ta dosa.

Rikicin fuska

A 1978 Penelope Brown da Stephen Levinson suka fito da nazarin ladabin magana da ya fi kowane tasiri, aka sake buga shi a matsayin littafi a 1987. Sun kwatanta harsuna uku da ba su haɗa dangi ba: Turanci, da Tamil na kudancin Indiya, da Tzeltal na Mayawan jihar Chiyapas a Meksiko. Suka tarar da dabaru masu kama da juna ƙwarai: sassauta roƙo, ƙanƙantar da abin da ake nema, yin tambaya a madadin umarni, ɗaukaka mai sauraro da ƙasƙantar da kai. Suka bayyana wannan da abin da suka kira fuska, kalmar da suka aro daga Erving Goffman, wadda ta yi kusa da abin da muke kira mutunci. A ganinsu kowane mutum yana da bukata biyu: a so shi, kuma kada a takura masa. Nauyin kowace magana kuma yana fitowa daga abu uku: nisan da ke tsakanin masu maganar, fifikon ɗaya a kan ɗaya, da girman abin da ake nema.

Martani ya zo daga gabas. Yoshiko Matsumoto a 1988 da Sachiko Ide a 1989 suka ce a Japan ba dabara mutum yake ƙullawa don kare 'yancin wani ba, harshen ne da kansa yake tilasta maka ka nuna matsayinka a kusan kowace jimla, ko da zancen yanayin gari kake yi. Ide ta kira wannan wakimae, sanin inda mutum ya tsaya. Gu Yueguo ya kawo irin wannan suka daga Sinanci a 1990. A 1992 kuma Onuigbo Nwoye ya kawo ta daga Nijeriya: a al'ummar Ibo, in ji shi, mutuncin dangi da na gari ya rinjayi na mutum ɗaya, kuma neman taimako wurin ɗan'uwa ba takurawa ba ce da za a yi ta ba da haƙuri a kanta, haƙƙi ne da kowa ya san da shi.

Ko a Hausa sai an yi wa ma'aunin gyara kafin ya zauna. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiyana, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye 10 da ke sa a kira mutum mutumin kirki: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kunyar da ke hana suruka cin abinci gaban suruki, ko karar da ke sa uwa ta goyi bayan ɗan kishiya a kan nata, ba tsoron takura wa wani ba ne. Haka kuma wasan da ke tsakanin jika da kaka, ko tsakanin taubasai, ko Bafulatani da Babarbare, ya mayar da zagi alamar ƙauna.

Da aka kawo kyamara da agogo

Har zuwa nan, yawancin hujjojin ɓangarorin biyu daga abin da mai bincike ya ji ya rubuta suke, ko abin da ya ƙago a ransa. Canji ya faro daga Kalifoniya, inda Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson suka riƙa ɗaukar hirar gaske a faifai suna rubuta ta har da tari da shiru. Maƙalarsu ta 1974 ta bayyana yadda masu hira ke karɓeɓeniyar magana ba tare da alƙali ba. Daga baya cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan ta kai wannan hanya ga harsunan duniya.

A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna 10, daga Japananci da Koriyanci zuwa Tzeltal da wani harshe na Namibiya. An daɗe ana cewa mutanen arewacin Turai sukan yi dogon shiru kafin su amsa. Awo ya nuna matsakaicin tazarar a dukkan harsunan kusan kashi 1 cikin 5 na sakan ne. Japanawa suka fi kowa sauri, kusan babu tazara, mutanen Denmak suka fi jinkiri, da kusan rabin sakan. A ko'ina kuma amsar “e” ta fi ta “a'a” saurin fitowa. Wato dogon shirun da baƙo ke ji, bambanci ne da bai kai sakan ɗaya ba, kunne ne ya saba da kiɗan gidansu.

A 2013 Mark Dingemanse da abokansa suka nuna cewa ɗan sautin da mutum ke yi idan bai ji abin da aka faɗa ba, irin namu na “iye?”, yana da siffa kusan ɗaya a harsuna masu nisa da juna, ciki har da Siwu na ƙasar Gana: gaɓa ɗaya, gajeriya, mai sauƙin fita. A 2018 wani binciken a harsuna 8 ya duba ƙananan roƙo na cikin gida, irin su miƙo wuƙa ko matsa can. Mafi yawan lokuta ana biya wa mai roƙo bukatarsa, amma godiya da baki ba ta wuce kusan sau 1 cikin 20 ba. Masu Turanci, da suka fi kowa yi, sun tsaya a kashi 14.5 cikin 100. Ashe tsakanin makusanta taimako abu ne da aka ɗauka dole, kamar yadda Nwoye ya faɗa game da Ibo, har a Ingila.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya. Grice ya yi daidai cewa duk ɗan Adam yana auna abin da aka faɗa da abin da ya kamata a faɗa, ya ciro ma'ana daga giɓin da ke tsakani. Ochs Keenan da Rosaldo da Ide sun yi daidai cewa abin da “ya kamata” ɗin ba daga Oxford ake yanke shi ba. Ko'ina ana awo a kasuwa, amma mudun wani gari ba na wani ba ne, kuma wanda ya zo da mudun garinsu zai yi ta zargin mutane da tauye masa.

Abin da ke cikin tukunya

Kuskuren mudu yana iya cin rayuwar mutum. A Ostareliya, Diana Eades ta nuna cewa 'yan asalin ƙasar, ko da Turanci suke yi, ba su saba da jerin tambayoyi kai tsaye ba, sukan yi shiru mai tsawo kafin su faɗi abu mai nauyi, kuma sukan ce “e” ga mai iko don a rabu lafiya. A 1992 ta rubuta wa lauyoyi littafin jagora a kan haka. Wata mata 'yar asalin ƙasar da aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 1988 bisa kisan mutumin da take zaune da shi, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Queensland ta soke hukuncinta a 1993. Cikin hujjojin da aka gabatar har da bayanin Eades cewa lauyoyinta sun ɗauki shirunta a matsayin rashin abin faɗa, shi ya sa kotun farko ba ta taɓa jin irin azabar da ta sha a hannun mamacin ba.

Mu ma muna da wuraren da mudu biyu ke karo. Likitan da ya tambayi tsohuwa “yaya jiki?” ta ce “da sauƙi”, in ya rubuta cewa ta samu sauƙi ya yi kuskure, domin gaisuwa ta amsa, bayanin ciwon yana gaba, sai an zauna an lallaba. Matashin da ya sunkuyar da kai gaban alƙali ko mai ɗaukar aiki ladabi yake nunawa, wanda aka horar da wani mudun kuma zai ce rashin gaskiya ne. Yanzu ga manhajojin fassara a wayoyinmu. Mai kaya ya ce “albarka” yana nufin tayinka bai kai ba. Ka ce wa almajiri “Allah ya ba da haƙuri” kana nufin babu. Mutum ya miƙe zai fita ya ce “ina zuwa”. Uban yarinya ya ce “sai mun yi shawara”, wani lokacin shawarar ce da gaske, wani lokacin kuma an rufe ƙofa ne cikin mutunci. Na'urar da aka ciyar da kalmomi zalla za ta fassara kowace ɗaya daidai, ta kuma ɓatar da mai karatu.

A cikin harsuna 10 na binciken 2009 da harsuna 8 na 2018 babu Hausa, duk da miliyoyin masu magana da ita daga Kano zuwa Damagaram, daga zangon Kumasi zuwa Sudan. Sassan nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Abdou Moumouni a Yamai sun yi aiki mai yawa a kan nahawu da waƙa da karin magana. Hirar tsakar gida, da ta teburin mai shayi, da ta sulhu a zauren mai unguwa, da saƙon murya na WhatsApp, su ma sun cancanci a ɗauke su da izinin masu su, a rubuta, a auna. Sakan nawa Bakano ke jira kafin ya amsa? Yaya Bazamfariya ke cewa a'a ga surukarta? Me ya rage na alkunya a bakin 'yan shekara 20? Kayan aikin da Malinowski bai samu ba yau suna aljihun kowane ɗalibi. Idan masu harshen ba su auna mudunsu sun rubuta ba, wasu za su auna musu da nasu, kuma abin da suka rubuta shi na'ura za ta koya.